Amsar Wasiƙunku: Rigar Gwanjo Mai Lamba 75

Wasiƙar da muka ɗauko a wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a ƙasar Gumel, wanda ya ce da damina noma yake yi, da rani kuma yakan sari dilar gwanjo a Ƙofar Wambai ya bi kasuwannin ƙauye da ita. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce da ya kwance wata dila sai ya ci karo da wata koriyar riga mai hoton kan wata dabba kamar ɓauna, an rubuta Marshall a ƙirji, a baya kuma ga lamba 75 da kwanan wata, 14 ga Nuwamba 1970. Wani ɗalibi ya ce masa wai rigar 'yan ƙwallo ce, amma shi bai taɓa jin kulob mai wannan suna ba, ko a Ingila ko a Sifen. Yana so ya san su wane ne, kuma me ya faru a wannan rana.

To Malam, madalla da wannan tambaya. Ɗalibin nan bai yi ƙarya ba, rigar masoya ƙwallo ce, sai dai ba irin tamaular da muka sani ba. Marshall kuma ba kulob ba ne, jami'a ce a ƙasar Amurka. Lambar 75 ɗin kuwa ba ta ɗan wasa ba ce, adadin mutanen da suka rasa rayukansu ne a dare ɗaya. Ka gyara zama, labarin yana da ɗan tsawo.

Bari mu fara da wasan kansa, don in ba a gane shi ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Amurkawa suna da wani ƙwallo nasu mai tsini biyu, siffarsa kamar gwanda. Da sunan ƙwallon ƙafa suke kiran sa, amma galibi da hannu ake yi: a rungume shi a sheƙa da gudu, ko a jefa wa ɗan'uwa ya cafe. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, kowa da hular kwano da matashi a kafaɗa, domin an yarda a banke mai riƙe da ƙwallo a kai shi ƙasa. In ka gani ka ce kokawa ake yi. Tsawon filin yadi 100 ne, irin yadin nan da kuke auna shadda da shi. Akan ba ɓangare ɗaya dama 4 su matsa gaba da yadi 10. In sun cika a sake ba su wasu 4, in sun gaza ƙwallo ya koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai shi ƙarshen fili ya sami maki 6, wanda ya buga shi da ƙafa ya bi ta tsakanin dogayen sanduna biyu ya sami maki 3. Akwai ɗan wasa ɗaya da ke tsayawa a bayan sahu, shi ke karɓar ƙwallo ya rarraba, shi ke ba da umarni. Mu kira shi madugu, ku riƙe wannan suna don zai sake zuwa a gaba.

Kakar wasan jami'o'i gajeruwa ce, daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma a wancan zamani wasa 10 ko 11 ne kacal, galibi ranar Asabar. 'Yan wasan duk ɗalibai ne, da yawansu 'ya'yan talakawa waɗanda ƙwallon ne ke biya musu kuɗin makaranta.

Ita Jami'ar Marshall tana garin Huntington ne a jihar West Virginia, ƙasar tsaunuka da haƙar kwal, a bakin kogin Ohio. An kafa ta a 1837 tana ƙaramar makaranta, aka sa mata sunan John Marshall, wani tsohon alƙalin alƙalan Amurka. A 1970 mutanen garin ba su wuce 74,000 da 'yan kai ba, wato gari ne da kusan kowa ya san kowa, kuma ranar wasa likita da leburan jirgin ƙasa benci ɗaya suke zama. Kirarin ƙungiyar in an mai da shi Hausa shi ne Garke Mai Rugugi, shi ya sa ka ga kan ɓauna a rigar.

Kada ka ɗauka wasu zakaru ne. A'a. Daga 1966 zuwa 1969 sun yi wasa 27 a jere ba su ci ko ɗaya ba. A 1969 kuma aka dakatar da su daga rukunin jami'o'in da suke karawa a ciki, saboda an kama su da karya dokokin ɗaukar 'yan wasa. Wani matashin koci mai suna Rick Tolley ne ya karɓi ragama ya fara ɗinke ɓarakar, har a 1970 suka ci wasa 3, mutanen gari suka fara cewa da alama abin zai gyaru.

Ranar Asabar 14 ga Nuwamba 1970 suka je jihar North Carolina suka kara da Jami'ar East Carolina, aka cinye su da maki 17 da 14. Yawancin tafiye-tafiyensu a bas suke yi, wannan ce kaɗai tafiyar da suka yi shatar jirgin sama a shekarar. Da yake akwai sauran kujeru, sai manyan gari masu tallafa wa ƙungiyar suka biyo su, wasu ma da matansu. Jirgin samfurin DC-9 ne na kamfanin Southern Airways. Wajen ƙarfe 7 da rabi na dare suka doso filin jirgin saman Huntington, ana yayyafi, ga hazo. Jirgin ya sauko ƙasa fiye da ƙima, ya daki kan itatuwa a bisa wani tudu kimanin mil ɗaya kafin titin sauka, ya kife ya kama da wuta. Ba wanda ya fita. 'Yan wasa 37, masu horarwa da mataimakansu 8, magoya baya 25, ma'aikatan jirgi 5. Ka haɗa ka gani, 75 ke nan. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ce jirgin ya sauko ƙasa da iyakar da aka ƙayyade alhali matuƙan ba su hango titi sosai ba, ta ce kuma ko dai kuskuren karanta na'urori ne, ko kuma na'urar auna nisa daga ƙasa ce ta ba su lissafin da ba daidai ba. Abin mamaki, makonni shida kafin nan, ranar 2 ga Oktoba, wani jirgi ɗauke da 'yan wasan Jami'ar Wichita State ya faɗi a tsaunukan Colorado, mutum 31 suka mutu.

A cikin mamatan Huntington akwai koci Tolley, ɗan shekara 30, da shugaban sashen wasanni na jami'ar, da likitoci 4, da kansila, da ɗan majalisar jiha. Yara 70 suka rasa uwa ko uba, 18 daga cikinsu suka rasa duka biyun. Kwana da kwanaki ana jana'iza a garin. 'Yan wasa 6 wuta ta cinye su har ba a iya tantance wane ne wane ba, sai aka binne su wuri guda a maƙabartar Spring Hill, a kan wani tudu da ke kallon jami'ar.

Akwai 'yan tsiraru da ba su shiga jirgin ba. Nate Ruffin, ɗaya daga cikin kyaftin-kyaftin, rauni ne ya hana shi tafiya. Ed Carter ya tafi jihar Texas saboda rasuwar mahaifinsa. Wani mataimakin koci, Red Dawson, shi da mota ya juyo domin ya biya ya ga wani yaro da suke son ɗauka, a hanya ya ji labarin a rediyo. Mu da aikinmu ke nan mun san nauyin karanta irin wannan sanarwa, ba ka san wanda ke saurare ba.

To daga nan sai tambaya ta taso: a ci gaba da wasan ko a rufe shi? Masu cewa a rufe suna da hujja. Babu 'yan wasa, babu masu horarwa, masu ba da kuɗin ma suna cikin mamatan, kuma wasu iyalan suna ganin sake fitowa fili da irin rigar nan fama musu ciwo ne kawai. Masu cewa a ci gaba kuma suna ganin in an rufe, to an binne ƙungiyar tare da yaran. Hukumar jami'a, a lokacin Donald Dedmon ne ke riƙon ƙwaryar shugabanci, ta tsaya a kan za a yi kakar 1971. A fim ɗin da aka yi a kan labarin a 2006 an nuna ɗalibai sun yi cincirindo a gindin tagar ɗakin taro suna kirari har shugabanni suka sauya shawara. Wannan ƙarin gishiri ne na masu fim, ba haka aka yi ba.

Yanke shawara daban, samun wanda zai ɗauki kayan daban. Wanda aka fara nema ya ƙi. Wani ya karɓa, ya yi 'yan kwanaki ya koma inda ya fito. Sai a watan Maris 1971 wani mai suna Jack Lengyel, kocin wata ƙaramar kwaleji da ake kira Wooster a jihar Ohio, ya amsa. Red Dawson ya yarda ya tsaya ya taimaka masa na shekara ɗaya.

Abin da Lengyel ya tarar shi ne tsofaffin 'yan wasa da ba su cika yatsun hannu biyu ba, sai kuma yaran da suka shigo jami'a a 1970, waɗanda doka ta hana su tafiyar da aka yi. A wancan lokaci dokar hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta hana ɗan ajin farko buga wa babbar ƙungiya wasa, dokar nan ce ta bar su a gida a daren haɗarin. Jami'a ta roƙi hukumar ta ɗaga mata ƙafa, aka yarda sababbin shiga na 1971 su ma su buga. Da aka ƙirga aka ga har yanzu da saura, sai aka shiga neman 'yan ƙwallon kwando da na tamaula irin tamu da duk ɗalibin da ke da ƙirar jiki, aka ba su hular kwano. Lengyel ya ƙara kalma ɗaya a kirarin, ya ce a bana sunansu Ƙaramin Garke. Makiyayan da annobar bushiya ta share wa shanu a 1983 sun san wannan hali: ka wayi gari da maruƙa kaɗai, kuma da su za ka fita kiwo.

Ni da na taɓa riƙe alli kafin in riƙe makirfo, na san abin da ake nufi da a tura 'yan aji ɗaya zana jarrabawar 'yan aji shida. A wannan wasa kuwa abin ya fi haka, don jarrabawar ta ƙashi da tsoka ce. Yaro ɗan shekara 18 ne zai tare ƙato ɗan 22 wanda ya shekara uku yana ɗaga ƙarfe. Lengyel ya ga ba za su iya ture kowa da ƙarfi ba, sai ya nemi dabara. Akwai wani salon wasa wanda ba ya bukatar manyan ƙarti a gaba: madugu ne zai karɓi ƙwallo ya dubi inda mai tsaro ya karkata, nan take ya zaɓi ko ya miƙa wa na kusa, ko ya ruga da kansa, ko ya cilla wa na gefe. Mai tsaron da ba ka iya turewa sai ka bar shi ya bi iska. Masu wannan salo a kusa su ne Jami'ar West Virginia, babbar jami'ar jihar, wadda ba wani shiri suke yi da Marshall ba. Duk da haka kocinsu Bobby Bowden ya buɗe musu ƙofa, ya ba su finafinan wasanninsa da littattafan dabarunsa suka zauna suka nazarta. Ɗan kasuwa ya san darajar wannan, ba kowa ke nuna wa maƙwabcin rumfa inda yake saro kaya ba.

Madugun da aka ɗora wa wannan aiki shi ne Reggie Oliver, baƙar fata ɗan aji biyu daga garin Tuscaloosa a jihar Alabama. Mutum 4 daga cikin waɗanda suka mutu a jirgin makarantar sakandare ɗaya suka yi da shi, su ya biyo zuwa Marshall.

Wasan farko a waje suka yi shi, ranar 18 ga Satumba 1971, Morehead State ta doke su 29 da 6. Ba wanda ya yi mamaki. Asabar ta gaba, 25 ga Satumba, shi ne wasan farko a gida tun bayan haɗarin, da Jami'ar Xavier. Filin wasa na Fairfield ya cika da mutum wajen 13,000, har da gwamnan jiha, har da matan mamatan da marayunsu. Yawancinsu sun zo ne don a ce sun zo, ba don suna sa ran komai ba.

Sai ga shi an tafi hutun rabin lokaci Marshall na gaba da maki 3 da nema, wani yaro Blake Smith, wanda sabon shiga ne a wasan, shi ya buga ƙwallon ya bi ta tsakanin sanduna. Bayan an dawo Xavier ta farka, aka yi ta ja-in-ja, har aka zo saura minti ɗaya da 'yan daƙiƙu Xavier na da 13, Marshall na da 9. Bugun ƙafa ba zai wadatar ba ke nan, dole sai an kai ƙwallo ƙarshen fili. Ƙwallo ya dawo hannunsu a wajen tsakiyar fili. Oliver ya yi ta lallaɓawa da su, jifa kaɗan, gudu kaɗan, har suka iso saura yadi 13. Agogo kuwa bai tsaya ba. A dokar wasan, in an riga an fara taka leda kafin lokaci ya cika, to sai an ƙarasa wannan damar. Suka yi sahu a gurguje, aka miƙo wa Oliver ƙwallo daidai lokacin da agogo ke ƙarewa. Ya ruga dama kamar can zai bi, 'yan Xavier suka ɗunguma suka bi shi. Sai ya juya ya jefa hagu, inda wani ɗan ajin farko mai suna Terry Gardner ya saɗaɗa ya tsaya. Mai tsaro ɗaya ne ya rage a gabansa, Jack Crabtree ya share masa shi, Gardner ya wuce ya shige. Marshall 15, Xavier 13.

Jama'a suka ɓarke cikin fili. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin cewa an daɗe da tashi amma mutane suna nan a zaune a kan benci, wasu na kuka, sun ƙi tafiya gida.

Da tatsuniya ce da a nan za mu ce ƙurunƙus. Amma mako ɗaya bayan haka Jami'ar Miami ta jihar Ohio ta lallasa su 66 da 6. Aka ci gaba da dukan su mako bayan mako. Sau ɗaya suka sake ɗaga kai, a ƙarshen Oktoba, ranar bikin dawowar tsofaffin ɗalibai, inda suka ba Bowling Green mamaki da 12 da 10. Wasanni uku na ƙarshe ko maki ɗaya ba su samu ba. Aka rufe kaka sun ci 2, an cinye su 8. Red Dawson ya cika alkawarin shekararsa ɗaya ya ajiye aikin koci gaba ɗaya, ya koma sana'ar gine-gine, ya daɗe yana nesa-nesa da filin. Lengyel ya yi kaka huɗu, ya ci wasa 9, aka cinye shi 33, ya tafi.

A ganina wannan ɓangare ne masu ba da labarin suka fi tsallakewa. Nasarar da aka yi a kan Xavier ba ta warkar da ƙungiyar ba. Sai a 1984, shekara 14 bayan haɗarin, Marshall ta ga kakar da cinta ya fi faɗuwarta yawa, 6 da 5. Duk tsawon shekarun nan mutanen Huntington suna sayen tikiti suna zuwa kallon ana cinye yaransu. Daga baya ne abin ya juya: suka ɗauki kofin ƙasa na rukuninsu a 1992, suka sake ɗauka a 1996 bayan sun ci wasa 15 ba a cinye su ko sau ɗaya ba, a 1999 ma suka ci 13 babu faɗuwa. Amma in an zo lissafin kakannin wasa a garin, ta 1971 mai nasara 2 tal ba ta sauka daga sahun gaba, ita aka yi wa fim, su kuma yaran da suka buga ta har suka tsufa ana kiran su Ƙaramin Garke.

Na san wasu masu saurare tuni hankalinsu ya tafi Zambiya. Haka ne, labarin ya yi kama. A watan Afrilu 1993 jirgin sojan saman Zambiya ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Libreville ta ƙasar Gabon, a kan hanyar zuwa Senegal, mutum 30 suka mutu, 18 'yan wasan ƙasar ne. Kalusha Bwalya, wanda ba ya cikin jirgin, ya jagoranci sabuwar ƙungiya har wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunis a 1994, inda Najeriya ta ci su 2 da 1, Emmanuel Amuneke ya zura duka biyun. A 2012 kuma suka ɗauki kofin a Libreville ɗin nan dai. Bambancin shi ne Zambiya ƙasa ce sukutum, tana da kulob-kulob da ƙwararru a waje da za ta tsamo. Marshall makaranta ɗaya ce a ƙaramin gari, abin da ke cikin aji shi ke nan.

Yanzu mu dawo kan rigarka. A Nuwamba 1972 aka buɗe wata maɓuɓɓugar ruwa ta ƙarfe a tsakiyar jami'ar, aikin wani maƙeri mai fasaha Harry Bertoia, tsayinta ya kai mita 4, a samanta akwai tsinaye 75, ɗaya don kowane mamaci. Kowace shekara ranar 14 ga Nuwamba ɗalibai da iyalai sukan taru a wurin, a kira sunayen ɗaya bayan ɗaya, a ajiye furanni, sannan a kashe ruwan. Ba a sake kunna shi sai sanyi ya wuce. A wasan da ya zo kusa da ranar kuma 'yan wasa sukan sa lamba 75 a hular kwanonsu, magoya baya su ma su sa riguna masu wannan lamba. Nate Ruffin, kyaftin ɗin da rauni ya hana shi shiga jirgin, da ya rasu a 2001 a Spring Hill aka binne shi, kusa da abokansa shida.

Saboda haka Malam, da alama rigar da ta faɗo a dilarka irin ta wannan tunawa ce, wani ya sa ta a can, ta tsufa a wurinsa ya bayar, ta ratso teku har ƙasar Gumel. Ka tambaya a ƙarshen wasiƙarka ko wannan zai sa ka ƙara mata kuɗi. Wannan kam kai da masu saye, amma ba na jin a kasuwar ƙauye za a ba ka ko sisi a kan kuɗin sauran. In ta yi maka daidai a jiki, ni da ni ne da na ajiye ta.